Buhun Tokar Argungu

Bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Na duba gabas da yamma ko zan sami wanda zan rataya wa wautar, ban samu ba. Matata ba za ta karɓa ba, taubashina kuwa in na ba shi sai ya naɗa ta rawani ya shiga kasuwa. Saboda haka na riƙe abata.

Abin da ya tono mini zancen, kwanan baya na ji wani ɗan boko a rediyo yana jawabi da muryar wanda ya gano sabon abu. Wai a rage wanke-wanke da magungunan kwalba masu ƙona ƙasa da kashe kifi, a koma ga toka da soso da lemun tsami. Na ce a raina, Malam, da ka biyo ta wurina da na rage maka kuɗin makaranta. Ni na yi wannan karatu, har bulalarsa na sha.

Zamanin da nake magana, Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, takarda kome ƙanƙantarta sai ta hau mota ta je can an sa mata hannu. Ni ina tsaron sito a wani ofis. Karatuna aji huɗu ne na firamare, amma biro biyu nake soka wa aljihun gaba, ja da shuɗi. Don haka a unguwarmu Badariya Akawu ake ce mini, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara wa jama'a bakinsu ba. A wannan sito na fara ganin garin sabulu na kwali, da wani ruwan kwalba mai warin asibiti. Ranar da na ga cokali ɗaya ya cika bokiti da kumfa, na tsaya na yi nazari irin na masu ilmi, na gano cewa wayewar kai ba kome ba ce illa kumfa. Na biya kanti na sayo nawa, na iso gida na kafa doka: daga yau toka ba ta sake taɓa kwano a gidan nan. A kwashe ta a kai juji, can ne gidan ubanta.

Matata ta juya kwalin, ta shinshina, ta yi atishawa. Ta ce, "Malam, har tukwane?"

Na ce, "Har tukwane."

"Har ƙwarya?"

"Har ƙwarya. Ke kin taɓa jin an ce Bature na wanke kofinsa da toka?"

Ta ce ba ta taɓa jin an ce Bature na shan fura ba ma. Na yi kamar ban ji ba, don babban mutum ba ya amsa kowace magana.

To, a gidan akwai Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar tsohonmu ta dawo wurina. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma taɓa yaba mini a gaban mutane ba. "Kai" nake, in ta ji daɗina ƙwarai in zama "wanga yaro". Na san kunya ce irin ta iyayenmu, amma sanin abu daban, haɗiye shi daban. Inna tana da wata ƙwarya da ta zo da ita tun daga ɗakin aurenta. Ta tsufa har ta yi ja kamar goro, an ɗinke mata tsaga guda a baki. A cikinta take dama fura kowace hantsi, ba ta sha a wani abu. In za ta unguwa ta kwana, ƙwaryar ce ke fara shiga ƙunshi kafin zane.

Ashe matata ta bi dokata a kan kome, ban da wannan ƙwarya. Wata Asabar na zagaya bayan madafi na same ta a tsugune tana cuɗa ta da toka a ɓoye, kamar mai aikata laifi. Na karɓe. Na ce yau zan nuna wa gidan nan yadda ake tsafta. Na zuba garin sabulu cikin ƙwaryar, na kaɗa har kumfa ta yi tozo, na bar ta a jiƙe tun safe har la'asar don ƙamshin ya zauna. Ya kuwa zauna. Abin da ban sani ba, kowace yarinya 'yar shekara bakwai kuwa ta sani, shi ne ƙwarya ba tangaran ba ce. Tana shan abin da aka zuba mata, ta riƙe, ta mayar wa mai ita sannu a hankali.

Kashegari Inna ta dama furarta, ta kai ludayi ɗaya baki, ta ajiye. Ta ce, "Wa yaz zuba wa furata turare?"

Na ce, "Inna, tsafta ce."

Ta dubi bango, don ba ta duban fuskata, ta ce, "To, a gai da tsafta."

Kwana uku tana gwadawa, kwana uku fura na komawa ga kaji, su ma sai sun yi shawara kafin su sa baki. Rana ta huɗu ta rataye ƙwaryar a ƙusa ta bar ta. Ana nan sai aka aiko daga Argungu cewa matar taubashina ta haihu, ran kaza suna. Taubashin nan ɗan ƙanen Inna ne, manomin shinkafa, sa'ana ne, tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan ɗaya. Bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, ƙafarsa kullum a tsage saboda lakar fadama. Inna ta ɗaura ƙunshi ta ce za ta yi mako guda. Da ta tafi na leƙa ɗakinta, sai ga ƙwarya a rataye.

Mako ya zama wata, wata ya zama biyu. Duk wanda ya dawo daga cin kasuwar Argungu sai ya biyo ta zaurena da tsaraba. Wannan ya ce ya ga Inna ta yi ƙiba. Wancan ya ce ya ji tana cewa rabonta da shan fura mai ɗanɗanon fura tun kafin ta bar ƙauye. Wani kuma, Allah ya saka masa daidai da aikinsa, ya ce a gabansa ta kama sunan taubashina sau uku, baki cike, tana cewa yaron kirki ne, gidansa ko allura ta faɗi sai ka tsince ta ka sa a baki. Ni da na ɗauki shekara arba'in ina jiran "madalla" guda. Ina murmushin yaƙe ina cewa ai ɗanta ne shi ma. Mutumin da bai san alif na boko ba, shi ne zai fi ni tsafta? Mutumin da agwagi ke kwana a tsakar gidansa?

Abin da ya tashe ni tsaye shi ne saƙon da ya zo daga baya: wai Inna ta ce in an sami mai zuwa a aika mata da adakarta. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ma'anar wannan. In adaka ta tafi, tsohuwa ta tafi ke nan. Sai a riƙa nuna ni a Badariya ana cewa ga Akawun da uwarsa ta bar gidansa ta koma gidan ɗan ƙanenta. Na ce adaka ba ta zuwa ko'ina, ni ne zan je.

Na sa farar rigata, na soka birona biyu, na hau a-kori-kura. Na sami taubashina a ƙofar gida yana gyaran lauje. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "A'a, bawana ne da kansa? Hala gwamnati ta ƙare, an sallamo ku?"

Na ce, "Sarkin Laka, na zo duba talakawana."

"Ka zo dai shan fura. An ce ta gidanku sai da a yi wanka da ita."

Na shige ciki. Inna na zaune a inuwar lemu, ta yi fes, har kumatu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana duban reshe, ta tambayi matata da yara da kaji, ni kuwa ta ce, "Kai ma ka zo?" Sa'an nan ta ɗaga murya ta kira taubashina da sunansa, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Baƙo. Na haɗiye wannan ma.

Na zauna na buɗe ido, don na ƙudura sai na gano asirin gidan. Mai jegon ta riga ta warware, ta fito da wanke-wanke gindin lemun. Na zuba ido in ga kwalba ko kwali, ban ga ko ɗaya ba. Ta debo toka a murhu da wani fasasshen kasko, ta dangwala soso, ta bi gindin tukunya har baƙin ya saki. Kwanon da ya yi maiƙon kifi ta fara goge shi da dusar shinkafa, ta watsa wa agwagi dusar, sa'an nan ta bi shi da ɓawon lemun da aka riga aka matse. Kwanukan suka fito suna ɗaukar ido, ba su warin kome, ko warin tsafta ba su yi. Ƙore kuwa ta ɗauraye ta kife su a kan danga suna shan rana. Da ta gama ta juye ruwan wankin a gindin lemun, agwagi suka taso suna wasoso. Sai na tuna zogalen matata da ke bakin magudanarmu, wanda ya bushe tun watan da na kafa doka, na ce sanyi ne ya kashe shi. Na tuna, na kuma yi sauri na manta.

Da mai hankali ne, da a nan ya ce, ashe abin da matata ke yi ne tun farko. Amma hassada ba ta barin mutum ya ga abu a sauƙaƙe. Na ce ba zai yiwu ba. Toka dai muna da ita, mun kuwa zubar. In tasu na yin wannan aiki, to tasu daban ce. Akwai wadda suke ɓoyewa, ta gaban baƙo suke nunawa.

Da na zaga bayan gida sai Allah ya nuna mini abin da nake nema, ko in ce Shaiɗan. A ƙarƙashin rumfa ga wani buhu an ɗora shi kan duwatsu, an ɗaure bakinsa tamau, an rufe da tsohuwar tabarma. Na kwance. Toka ce, fara-fara, mai laushi kamar garin tuwo. Na ce yauwa. Tokar da ake ɗaure wa baki a ɗora kan dutse ba tokar banza ba ce. Tambaya ɗaya da ta raba ni da wahala, amma in tambayi wa? Sarkin Laka? Da ya ba jikokinsa labari. Bayan azahar, da gida ya yi tsit kowa ya kishingiɗa, na yi sallama da Inna, na zaga, na saɓi buhun na fita ta ƙofar baya. A wurina ba sata ba ce, kayan taubashi ai halal ne.

A tasha direba ya ɗaga buhun ya ce, "Alhaji, gari ne?"

Na ce, "Kayan aiki ne."

Ashe buhun da huda a gindi. Motar kuwa bayanta a buɗe, iska na kaɗawa. Kafin mu yi rabin hanya duk wanda ke bayan nan ya yi furfura, har da wata amarya. Wani dattijo ya lakato a hularsa, ya ɗanɗana, ya ce, "Jama'a, toka ce. Bawan Allah, mutanen Birni sun daina hura wuta ne?" Na ce masa bincike ne na gwamnati. Na sauka farar rigata ta koma kalar jaki.

Ina isa gida na sa a sauko mini da babbar tukunyar alminiyon, wadda matata ke ji da ita, sai ran suna ko salla take fitowa. Na juye rabin buhun a ciki, na cika da ruwa, na zuba hannu har gwiwa ina damawa. Matata ta murza tokar a yatsa, ta ɗan taɓa a harshe, ta tofar. Ta ce, "Malam, wagga ba tokar murhu ba ce."

Na ce, "Na sani. Ta Argungu ce."

"Ba shi nike nufi ba. Tana da zafi."

"Zafin shi ne aikin. Ki miƙo ƙwaryar Inna."

Ta tsaya kamar za ta ƙi, sai ta miƙo. Na nutsa ƙwaryar a ciki, na ɗora dutse don kada ta taso, na ce a bar ta kwana da yini. Lissafina shi ne, in cuɗawar minti biyar na sa kwano ƙyalli, to kwana guda zai mai da ƙwarya sabuwa. Wannan shi ne amfanin ilmin lissafi.

Tun kafin magariba hannuwana suka fara raɗaɗi, suna santsi kamar na taɓa kuɓewa. Wayewar gari fatar yatsuna ta soma saɓulewa, sai da na yi mako ban iya riƙe biro ba, ja ko shuɗi. Tukunyar salla kuwa cikinta ya rine, ya yi baƙi-baƙi da dabbare-dabbare, har yau tana nan a haka, a ciki muke jiƙa wa awaki dusa. Ƙwaryar ta fito toka-toka, tana yauƙi, ɗinkin bakinta ya saki. Na riƙe ta a hannu ina jujjuyawa. Tukunya ana sayen wata. Wannan kuwa in ta mutu, da wane baki zan ce wa Inna ta dawo?

Matata ba ta ce mini ci kanka ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta karɓi ƙwaryar ta ɗauraye ta ruwa bakwai. Ta jiƙa tsamiya ta zuba mata ta wuni. Sa'an nan, a gabana, ba a ɓoye ba, ta je murhunmu ta ɗebo toka ɗan tafin hannu, irin wadda na sa ake kaiwa juji, ta bi ta da soso a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ta kife ta a rana kwana uku. Ta kai wa mai ɗinkin ƙore ya mayar da bakin. Daga nan ta riƙa kwana da tsala a cikinta tana zubarwa, har jan ya fara dawowa. Ran da ta dama fura a ciki ta miƙo mini, na kurɓa, na ji fura kawai. Na ce, "Kin gani? Tokar Argungu." Ta ce, "Haka ne, Malam," da wata murya da ban so ba.

Na aika Argungu cewa ƙwarya ta warke, tana gaisuwa. Bayan kwana biyar sai ga Inna, taubashina ya rako ta. Ba ta zo da ƙunshinta duka ba, rabi ta bari can, wato ta zo dubawa ne. Matata ta dama fura ta rufe da faifai ta kawo. Muka zauna a tsakar gida, ni da taubashina a tabarma ɗaya. Inna ta juya ƙwaryar, ta shafa sabon ɗinkin da yatsa, ta shinshina. Ta kai ludayi ɗaya. Ta kai na biyu. A na biyar na daina ƙirgawa, na fara gyara zama.

Na dubi taubashina na ce, "Sarkin Laka, asirinku ya tonu. Kuna ɓoye toka ta musamman a bayan rumfa, kuna nuna wa mutane ta murhu. To, na gano, na kuma yi aiki da ita."

Ya saki baki. Sa'an nan ya faɗi a tabarma yana dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ya ce, "Gwaggo, kin ji ɓarawon buhunmu. Mun zargi mahaukacin tasha, ashe na ofis ne." Ya share hawaye ya ce, "Bawana, wannan tokar karan gero ce. Tun kaka matata ke ƙona kara tana tarawa don ta tace ta dafa sabulu. Ko a miya ɗigo ake sawa. Wa ya ce maka ana wanke kwano da ita? Nuna hannunka."

Na tura hannuwana cikin riga. Matata ta tashi wai za ta duba wuta, kafaɗunta na rawa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta shanye furarta, ta kife ludayi, ta ce wa taubashina, "In ka koma, ka aiko mini da sauran kayana. Nan zan zauna."

Jama'a, ban san sa'ad da na miƙe tsaye ba. Duk kunyar buhu ta bi iska. Na gyara birona, na dubi Sarkin Laka daga sama, na ce, "Ka ji ko? Ka yi ta kiwon agwaginka. Kome daɗin gidan wani, tsohuwa ta san inda tsafta take, ta kuma san wanda ya haifu."

A nan Inna ta juyo. Iyakar sanina, ran nan ne ta fara duban tsakar idona a gaban mutane. Ta ce, "Zauna, kai. Ba tsaftarka ta riƙe ni ba, wagga ƙwarya na san hannun da ya gyara ta. Amma yaron da murhu ke ci gidansa sau uku a yini, ya tashi ya hau mota ya je Argungu satar toka, ba a barin shi babu babba a gida."